Kwalbar Ƙarshe ta Dakta Maigandi

Kuna falon a ranar. Kun ji ƙarar kwalabe daga banɗaki, kun ji kukan Mimi, kuka ci gaba da miƙa wa juna dabino da gahawa.

Kwana uku ke nan da rasuwar mahaifinta, Dakta Maigandi, malamin jami'a da ke zaune a unguwar Aƙiƙ, nan garin Manzo. Kowa na cewa ya dace, an yi masa salla a Harami, an kai shi Baƙi'a. Ba wanda ya tambayi abin da ya bari.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana nazarin wata halitta, dangin ƙaguwa, da ke rayuwa a cikin tauraron teku, dabbar nan mai hannu biyar, can a ruwan ƙanƙara na ƙarshen duniya. Takan zauna a cikinsa ta yi rassa, tana ci daga jikinsa, daga waje kuwa ba a ganin komai. Sau biyu ya bi jirgin bincike zuwa can. Ya dawo da yatsa ɗaya da sanyi ya kashe, da kwalabe goma sha huɗu masu ɗauke da halittun.

Hajiya Fatna, wadda ke kwashe kayan duk mamacinmu don a yi sadaka da su, ita ta buɗe kabad ɗin da kwalaben ke ciki.

"Innalillahi! Warin giya? A garin Manzo?"

"La, ya Khala, sifirit ne irin na asibiti," in ji Mimi. "Shi ke hana su ruɓewa."

"Yi min shiru, 'yar nan. Dubi abin da ke ciki! So kike a ce ubanki tsafi yake yi? Asiri nake rufa masa."

Mimi ta ruga ƙofar falon maza, ta kira abokin mahaifinta, mai haɗa magunguna. "Ammu Sanusi, don Allah zo ka gaya mata!"

Ko tashi bai yi ba. "Khalas, ya isa, Mimi. Ba a gardama a gidan makoki."

Hajiya ta juye goma sha uku, tana kuka, tana nema masa gafara. Ni kuwa sai da La'asar na iso daga garin Yanbu, na tarar da Mimi a bakin banɗaki, ta ƙanƙame ta ƙarshen a cikin abayarta.

Ban ga laifin Hajiya ba, ba ta yi boko ba. Amma a falon nan akwai likitoci huɗu da farfesa biyu da suka san warin sifirit.

Iƙamar gidan, wato takardar izinin zama, ta tafi da mai ita. Ranar Alhamis Mimi da uwarta za su bar ƙasar, kuma ba za a bar Mimi ta hau jirgi da kwalbar ba. Murfin ya tsage, ruwan yana raguwa, hannu ɗaya na dabbar ya fara bushewa. Kullum Mimi na auna ruwan da zare.

Kai mai ɗakin gwaji, ke mai izinin ajiye sifirit, ku je Aƙiƙ kafin Laraba. Ku sa hannu, ku karɓi kwalbar nan, ku rubuta sunansa a jikinta.