Birki a Hagu

Ga ta nan, ga ta nanku, kuma yau a kaina ta faɗo.

Ta zo mu ji ta, Kaka, kada ki rage komai.

Babur ɗin marigayi mijina Chellappan Bulet ne na da, ƙirar Madras ta nan Indiya. Turawan Ingila suka fara yin irinsa, masana'antarsu ta mutu, tamu ta ci gaba. Shekara talatin ina kai madara a kansa. Da masu shayi sun ji dug-dug-dug daga kwana, sai su ɗora tukunya.

Bara ɗana Murugesan ya ce na tsufa, sayar da shi zai yi.

"Inna, ƙafarki ba ta iya tayar da shi."

"Ƙafar da ta riƙa korar ka zuwa makaranta?"

'Yarsa Kayal tana ɗaura inji a masana'antar, ta sayo sabo fil, da zanen zinariya a tanki. Murugesan ya ce, "Ki hau wannan ki je haikali ki dawo lafiya, in bar miki tsohon."

Ni da bakina na kira maƙwabta su zo kallo. Na tattare zanena na sari, na danna maɓalli, ya tashi. Na ce, "Wannan ai na ragwaye ne." Da zan ƙara giya na taka da dama, kamar kullum. Ashe a sabon, dama birki ce, giya ta koma hagu! Babur ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Sai cikin kwandon Ponnamma mai furanni.

Ta dube ni, fure har kunne, ta ce, "Valli, aure za ki sake ba gayyata?"

Murugesan ya miƙo hannu. "Makullin tsohon, Inna."

Kayal ta riga shi karɓa. "Baba, ni zan gaji tsohon. Mu muke ƙera su, Kaka ta ga yadda ake yi."

Ta hau tsohon da yanga. A bakin shinge ta taka dama tana neman birki, ta manta a tsohon birki na hagu. Ta shige shingen har kafaɗa.

Daga cikin kwando na ce, "Sannu, injiniya!"

Murugesan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce babur ɗin da ya kayar da injiniya, wa zai saya?

Tsohon yana gida. Ran Lahadi Kayal ke tuƙa shi, ina baya ina ihu, "Hagu! Birki a hagu!" Murugesan ya daina zancen sayarwa. Ponnamma ta mayar da kwandonta tsallaken titi.