Hatimi a Gwangwanin Sikari

"Buga mini, yarinya, rana tana yi."

Ti Abilio, tsohon masuncin unguwarmu, ya shimfiɗa ɗan littafinsa a kan kantata, ya ɗora yatsa a gurbin farko. Jaka a bayansa, sanda a hannu, kwanson teku yana lilo a jikin jakar kamar na duk maziyartan da ke wucewa ta ƙofar shagon kofina. Shekarata hamsin da takwas, amma a wajensa har gobe yarinya ce ni.

"Hatimin ya tsage," na ce. "Na aika Porto a gyara."

Ban san na iya ƙarya haka ba. Hatimin yana nan taku biyu daga gwiwar hannunsa, na binne shi a gwangwanin sikari.

"Yaushe zai dawo?"

"Kwana uku. Ko huɗu."

Zeferino, wanda suka yi shekara talatin da Abilio a jirgin kamun kifi ɗaya, ya ɗago daga kartarsa. "Ka je coci Fada ya buga maka mana. Ko kantin magani. Ka ga in ka faɗi a hanya sun riga sun san fuskarka."

"Kai da ko bakin ruwa sai an kai ka a mota, rufe mini baki," in ji Abilio.

Na san ba zai je ko'ina ba, shi ya sa ƙaryar ta ci. Duk mai tafiya Santiago a ƙafa yana tara hatimi a littafinsa daga inda ya tashi har ya isa, kuma kowane shago a kan hanyar yana da nasa. Nawa Deolinda ce ta zana shi, matar Abilio, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana soya kifi a kicin ɗina. Kifi ne ɗan ƙarami mai karkataccen baki. Shekarar da jirginsu ya kife aka tsamo Abilio da rai, ta yi wa Waliyyi Yakubu alkawari za ta taka daga garinmu Caxinas har kabarinsa a Santiago. Aiki da 'ya'ya da ciwon gwiwa suka cinye shekarun. Bara ta rasu da alkawarin a wuyanta.

Abilio ya ɗauki alkawarin. Tun Janairu yake shiri. Ya auna hanya a taswira da zaren raga, kwana goma sha biyu ta gaɓar teku, ya ce ɗaya ga Afrilu zai tashi, sanyi ya wuce zafi bai iso ba. Mutumin da bai taɓa kwana a gari shi kaɗai ba.

Ana gobe zai tashi 'yarsa Natercia ta kira ni daga Faransa tana kuka.

"Anti Graciete, shekararsa saba'in da tara. Ki riƙe mini shi zuwa ashirin ga Mayu, zan samu hutu in kai shi a mota. Ke kaɗai yake jin maganarki."

"Ba ya jin maganar kowa."

"To ki san dabara. In ya mutu a wani rami fa?"

Sai na san dabara.

Kullum ƙarfe bakwai zai shigo da jakarsa a goye, takalmi a ɗaure. "Ya dawo?" In ce bai dawo ba. In zuba masa kofi da burodi mai man shanu, ya sha, ya fita ya bi hanyar katakon bakin teku har inda gidaje suka ƙare, ya juyo. Wai kada ƙafa ta manta.

"Maziyarcin da ya fi kowa sauri ke nan," Zeferino yake cewa. "Kullum ya je Santiago ya dawo kafin abincin rana."

A mako na biyu ya daina kaiwa ƙarshen gidaje. Na lura, na ce wa kaina ai ga shi nan, gaskiyar Natercia ce. Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗebi sikari da kansa, na yi wuf na janye gwangwanin har cokali ya faɗi.

Ya dube ni. "Sikarin naki zinariya ne?"

"Tururuwa ta shiga."

"Allah sarki," ya ce. Ya shanye kofinsa da ɗaci.

Ranar sha tara ga Afrilu, ƙarfe bakwai ta yi bai zo ba. Takwas ta yi. Na zube wa wata Bajamushiya madara a hannu, na mayar wa wani canjin da ba nasa ba. Ƙarfe tara na zura hannu cikin sikarin, na zaro hatimin, na bar wa Zeferino shago na tsallaka titi.

Ƙofarsa a buɗe take. Yana zaune a bakin gado, jaka a gefe, takalmi ɗaya a hannu. Ƙafafunsa sun kumbura kamar kwaɓin burodi, ko yatsun ba sa shiga.

"Ga shi," na ce. "Bai je Porto ba. Ƙarya na yi maka."

"Na sani. Tun rana ta uku. Kina buga wa wasu 'yan Koriya a bayan firji, na hango ki ta madubi."

Na zauna a kujerar Deolinda. "Me ya hana ka magana?"

"In ce me? In ƙwace? Abin Deolinda ba a ƙwatarsa. Na ce bari in jira yarinya ta ba ni da hannunta." Ya nuna aljihun jakar da haɓa. "Ɗauko takardar can."

Takardar asibiti ce, ta watan Fabrairu. Ban gane rabin kalmomin ba, amma na gane zuciya, na gane ruwa.

"Likita ya ce in ina da wata tafiya in yi ta kafin tsakiyar Afrilu," ya ce. "Bayan nan ƙafa ba tawa ba ce. Ban gaya wa Natercia ba, don kada ta ɗaure ni a gado."

"Da ka gaya mini ni."

"Da kin tambaye ni."

Na warware hatimin daga tsumman da na naɗe shi. "Kawo littafin in buga yanzu."

Ya dafe shi da tafin hannu. "A'a. Wannan na wanda ya tashi ne. Ba a buga wa na zaune." Sai ya yi 'yar dariya. "Ki daina wannan fuskar, kamar kifin da ya kwana. Haɗa mini kofi. Da sikari wannan karon."

Kwana huɗu ya ƙara. Ni nake kai masa miya, Zeferino yana zuwa su yi karta a kan bargo, yana barinsa ya ci, shi kuma yana zaginsa don ya gane. Ranar Laraba da azahar ya ce in buɗe taga ya ji teku. Na buɗe, na tsaya gyara labulen da iska ta naɗe. Da na juyo ya riga ya tafi, hannunsa a kan jakar.

Natercia ta iso washegari. A ƙofar coci ta rungume ni gaban mutane. "Allah ya saka miki, Anti. Ba don ke ba da a hanya zai mutu, cikin baƙi. Ga shi ya cika a gadonsa."

Takardar likitan tana cikin jakata. Na dubi idanunta da suka kumbura, na bar takardar inda take.

Da take kwashe kayan ɗakin ta miƙo mini littafin. "Ba komai a ciki. In zubar?"

"Ba ni."

Bayan jana'iza na tare Fada a bakin maƙabarta, na tambaye shi ko ana yi wa mamaci tafiyar. Ya ce ana yi, in an isa a faɗi sunansa su rubuta.

"Mutum biyu fa?"

"Wannan sai ki tambaye su a can."

Ranar Litinin ƙarfe bakwai na ajiye makullin shago a gaban Zeferino.

"Kwana goma sha biyu. Kada ka ba kowa kofin da kai ka haɗa, kashe mini kasuwa za ka yi."

Ya dubi jakar Abilio a bayana. "Ke da ko garin Viana ba ki taɓa zuwa a ƙafa ba?" Bai jira amsa ba, ya zagaya bayan kanta ya ɗauko tawada ya buɗe mini.

Na danna hatimin a gurbin farko. Wajen rubuta kwanan wata alƙalamin ya tsaya, don ɗaya ga Afrilu hannuna yake so ya sa. Na rubuta ashirin da takwas.

A jikin bangon shagona akwai zanen kibiya ruwan ɗorawa mai nuna wa maziyarta hanyar arewa, shekara da shekaru ina jingina tsintsiya a kanta. Na bi ta. Takalman Abilio suna bakin ƙofarsa inda Natercia ta ajiye wa mai so, igiyoyinsu a kwance. Na wuce su da littafin a buɗe a hannuna, ina hura wa ɗan kifin iska ya bushe. Ƙwayar sikari ɗaya ta manne a wutsiyarsa.