Kazar Jajibirin Kirsimeti

Tun bas bai gama hawa tudun Topola ba Zorka ke gwada kukan kaza ƙasa-ƙasa a maƙogwaronta, har mutumin da ke kusa da ita ya juyo ya dube ta, ya janye jakarsa. Ko a jikinta. Mace ce da ta ba talatin baya, ta sha wahalar duniya, amma yau zumuɗi take kamar yarinya.

Abin da ya dawo da ita gida a cikin wannan sanyi ba wani babban abu ba ne a idon mutane. A ƙauyensu, ranar jajibirin Kirsimeti da magariba, idan maigida ya shigo da gungumen itacen bikin da suke kira badnyak ya ɗora a wuta, uwar gida ce ke ɗaukar buhun bambaron alkama ta zagaya ɗaki sau uku tana watsawa tana kukan kaza, 'ya'yanta na biye da ita riƙe da siket ɗinta suna kukan 'yan tsaki. Zorka ta bi tata uwar haka har ta yi wayo. Amma ita kanta ba yaron da ya taɓa bin ta. Ana yaye 'yarta Lenka, Zorka ta tafi Padova a ƙasar Italiya aikin jinyar wata tsohuwa, kuma masu gidan ba sa sakin ta a watan Janairu, watan da cocin su Zorka ke yin Kirsimeti, domin lokacin ne suke tafiya hutu su bar mata uwarsu. Sai da bazara take leƙo gida ta yi 'yan kwanaki ta koma.

A can ta riƙa koyon kukan, a banɗaki, idan ta kunna famfo. Wata rana tsohuwar, wadda hankalinta ya riga ya gushe, ta ji ta, ta biyo ta har kicin tana dogara sanda tana dariya. Ita kaɗai ce ta taɓa bin Zorka. Bana tsohuwar ta rasu, Lenka kuwa ta shiga makaranta, baɗi war haka za ta ce wasan yara ne. Zorka ta san in ba bana ba, to shi ke nan.

Kosara ce ta buɗe mata ƙofa. Yayar mijinta Sreten ce, doguwa busasshiya wadda ba ta taɓa aure ba, kuma a hannunta aka bar yarinyar. Sun sumbaci juna a kumatu kamar yadda aka saba, ba wadda leɓenta ya taɓa 'yar'uwarta.

"Lenka, fito mana ki gaida Maman waya," in ji Kosara.

Yarinyar ta leƙo daga bayan gwaggonta, ta miƙa hannu kamar mai gaida malamar makaranta. Sunan ya soki Zorka, amma ta haɗiye. Ta durƙusa ta buɗe jaka ta fito da wasu jajayen takalman sanyi masu gashi a baki. Nan take idon Lenka ya kawo haske. Ta zura ƙafa, ta taka, ta yi tsalle a kan tayil ɗin da gumin uwarta ya shimfiɗa, sannan ta ruga ta nuna wa Kosara. Wadda ta kawo su ko kallo ba ta samu ba. Duk da haka ran Zorka ya yi fari, ta ce a zuciyarta ai an fara.

Washegari ne jajibiri. Tun asuba Sreten ya shiga daji ya saro itacen ya jingina a bakin ƙofa. Gidan ya cika da ƙamshin gasasshen wake da albasa da soyayyen kifi, don ranar azumi ce, ba nama ba madara. Zorka ta yi ta kai-kawo a kicin ɗinta kamar baƙuwa, ba ta san inda gishiri yake ba, ba ta san wace tukunya ce ta wake ba. Duk abin da ta ɗauka sai Kosara ta karɓe cikin ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo.

"Huta abinki, 'yar Italiya. Hannun da ya saba da injin wanke kwano ina shi ina tokar murhu."

Can Zorka ta hango buhun bambaro a bayan ƙofa, an ɗaure bakinsa. Ta jawo shi gefenta.

"Yaya, bana ni zan watsa."

Kosara ba ta ɗago daga kifin da take juyawa ba. "Ke za ki watsa me?"

"Bambaro. Ai uwar gida ke yi."

"Haka ne. To bari in nemo ta, ko kin gan ta a hanya?" Ta juya kifi ɗaya. "Zorka, ki bar yarinyar nan yadda ta saba. Ba ta son a canza mata abu, kuka take. Ki tsaya gefe ki kalla bana, in kin zauna ta san ki, baɗi sai ki yi."

Gaskiya ta faɗa, kuma da Zorka mai jin magana ce da ta ji. Amma shekarun da ta yi tana wanke kashin uwar wasu suka taso mata gaba ɗaya.

"Ta san ni? Ni na haife ta, Yaya. Kin yi ƙoƙari, na gode, Allah ya biya ki. Amma kazar da ba ta taɓa yin ƙwai ba ta isa ta hana mai 'ya'ya kiran 'ya'yanta."

Man da ke cikin kasko kaɗai ake jin ƙararsa. Wuyan Kosara ya yi ja har zuwa kunne. Zorka ta so a ce ta yi ihu, ko ta jefe ta da cokali. Ina! Sai ta goge hannu a ƙyallen girkin da ke ɗaure a ƙugunta, ta yi murmushi.

"Ɗauki buhunki," ta ce. "Ki kira ta."

Zorka ta sha jinin jikinta. Ta fita ta sami mijinta a rumfa yana kurɓar dafaffiyar barasa da sukari, ta roƙe shi ya yi wa yarinyar magana.

"Ni? Haba Zorka, wannan harkar mata ce. Itace dai na saro." Ya miƙa mata kofin. Sreten ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, kuma ya fi tsoron wadda ke dafa masa abinci kullum a kan wadda ke aiko da saƙo daga nesa.

Da rana ta faɗi aka kunna kyandir a gaban hoton waliyyin gidan. Tsoho Obrad, uban Sreten da Kosara, ya zauna a kujerarsa kusa da murhu. Kunnensa ya yi nauyi, don haka duk abin da ya faɗa sai an ji a gidan maƙwabta. Sreten ya shigo da gungumen a hannu biyu yana yi wa gida barka da jajibiri. Kosara ta miƙa wa Zorka rariyar alkama da kanta, da hannu biyu, Zorka ta watsa wa mijinta ƙwayoyin, aka ɗora itace a wuta. Komai ya tafi daidai.

Sannan ta rungumi buhun. Ta cika aljihunta da alewa da busasshen ɓaure. Ta ɗan rusuna, ta ɗebo bambaro ta watsa.

"Ƙwo, ƙwo, ƙwo!"

Kukan ya fito da kyau, wallahi ya fi na kazar gaske. Ta yi taku uku tana jiran ta ji an ja siket ɗinta. Ba a ja ba. Lenka na tsaye jikin Kosara cikin jajayen takalmanta, yatsa a baki, tana kallon wannan mata mai ƙamshin turare da ke tafiya a tsugune.

"Ƙwo, ƙwo, ƙwo! Zo mana, 'yar tsakona. Ƙwo, ƙwo!"

Ta zagaya tebur. Ta kai kusurwar gabas ta dawo. Ta ciro alewa ta kaɗa takardar tana ƙara, ta jefa a bambaro gaban yarinyar. Lenka ta dubi alewar, ta ɗaga kai ta dubi gwaggonta. Kosara kuwa silin take kallo, hannu harɗe a ƙirji, kamar ba a ɗakin take ba.

"Kai Sreten!" tsoho Obrad ya daka tsawa. "Wannan kazar ta wane gida ce? Ta maƙwabta ce ta ɓato?"

Sreten ya fashe da dariya har barasa ta fito masa ta hanci. Ya ga fuskar matarsa, ya yi ƙoƙarin mayar da dariyar tari.

Kunya ta rufe Zorka, zufa ta keto mata duk da sanyin. Mai hankali a nan zai miƙe ya ajiye buhu. Ita kuwa sai ta zube a kan gwiwoyinta ta rarrafa har gaban 'yarta, bambaro na manne da gashinta.

"Lenka, don Allah. Sau ɗaya kawai. Ƙwo, ƙwo."

Yarinyar ta ja da baya ta cusa fuska a cinyar Kosara.

Da Kosara ta bar abin a nan, ai ta rama, har da riba. Amma maganar ƙwai na nan tana ci mata zuciya. Ta sunkuya ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga jikinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi magana da murya mai daɗi, yadda kowa zai ji, har tsohon.

"Bi ta mana, uwata. Ba ki ga ta sha hanya ba? Bi ta ki yi mata kukan tsako. In ba ki yi ba za ta cire takalman nan ta koma da su Italiya ta ba wata yarinyar."

"Yaya!" in ji Zorka. "Yaushe na ce haka? Lenka, ƙarya ne, naki ne."

"To in ƙarya ne sai mu gani. Je ki, uwata."

Ta tura ta. Zorka ta ji ɗan hannu ya kama gefen siket ɗinta da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar tsumma mai datti. Ta san ya kamata ta ƙi. Ta san abin da ake ba ta ba shi ne ta zo nema ba. Amma abin da ta yi shekaru tana mafarki ne, ga shi a bayanta, kuma ba ta da ƙarfin cewa a'a. Ta miƙe ta ɗebo bambaro.

"Ƙwo, ƙwo, ƙwo."

"Tsiyau," in ji wata siririyar murya a bayanta. "Tsiyau, tsiyau."

Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta ƙi waiwaye. Ta watsa a ƙarƙashin tebur, ta watsa a bakin taga, tana kira ana amsawa. Sai da ta gama zagaye na farko ta lura amsar tana sarƙewa, tana fita guntu-guntu. Ta juya. Fuskar Lenka ta jiƙe sharkaf da hawaye da majina, ƙirjinta na sama da ƙasa, amma ba ta daina ba, idonta a kan takalmanta, tana ta tsiyau, tsiyau.

"Gwaggo, ya isa?" ta tambaya.

"Saura biyu, uwata. Sau uku ake yi."

Yarinyar ta saki siket ɗin. Ta tsaya jim kamar mai lissafi. Sannan ta zauna daɓas a kan bambaro, ta kama takalmin dama da hannu biyu ta fizge, ta fizge na hagu. Ta jera su da kyau, baki da baki, ta ɗauka ta ajiye a gaban Zorka.

"Ga kayanki," ta ce. "Ki kai wa waccan yarinyar."

Ta taka da safa a kan bambaron ta koma wurin gwaggonta. Kosara ta dube ta. Harshe kawai ta ɗan kaɗa a dasashi, ƙwo, ƙwo, ƙasa-ƙasa, irin kiran da ba sai an koya a banɗaki ba. Lenka ta ɗaga ƙyallen girkin ta shige ƙarƙashinsa gaba ɗaya, daga ciki aka ji ta amsa.

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Sreten ya sami aikin yi, yana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Zorka na tsaye a tsakiyar ɗaki rungume da buhun da ko rabinsa ba ta watsa ba. Baƙin cikin da ta ji ya wuce na kuka, don ta san da hannunta ta ja yarinyar zagayen nan, kuma yarinyar ba za ta manta ba.

"To, me ake jira?" tsoho Obrad ya yi ihu, yana nuni da sandarsa. "Ga can bayan ƙofa ba a watsa ba! A kan tayil za mu ci abinci?"

Zorka ta tsallake jajayen takalman, ta je bayan ƙofa ta watsa sauran bambaron, bakinta a rufe.