Hannu a Kafaɗar Remigio

A zamanin da Remigio Bassani yake tashe, ranar tsere ko limamin coci gaggauta addu'a yake yi don kada a fara ba shi. Jar motarsa mutanen gari ne suka haɗa ta a garejin bayan gidan burodi. Da ita ya ci tseren tsaunukan Córdoba, ya ci na bakin teku, kofunan suna nan jere a kulob har yau. Sau ɗaya ya taɓa faɗawa rami, shi ma aka turo motar waje ya zo na biyu, ya yi wata guda yana fushi.

A lokacin direba ba ya tsere shi kaɗai, akwai ɗan rakiya a gefensa mai duba hanya. Na Remigio shi ne Nicanor. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana, sai suka koma zance da kafaɗa: in Nicanor ya ja, kwanar dama ce, in ya tura, hagu, in ya matse, birki.

Yanzu gari zai yi bikin cika shekara ɗari. Aka wanke jar motar, aka ce su biyun za su zaga fili da ita. Remigio ya amsa da sauri. Abin da bai gaya wa kowa ba, har 'yarsa Graciela, shi ne idanunsa sun tafi, sai inuwa-inuwa yake gani. Ya san in ta ji ya rabu da sitiyari ke nan, shi kuwa so yake ya sake jin injin nan a jikinsa kafin ya mutu.

Ranar biki hayaƙin gasasshen nama ya cika fili. Remigio ya lallaɓa ya shiga motar ya zauna, ya ji wani ya faɗo kujerar gefe ya buga ƙofa da ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, sarkin direbobi," in ji Nicanor. "Yau dai dole ka kula talaka."

"Kai, tsohon banza, me kuma na yi maka?"

"Me ka yi? Tun bara kake wuce ni a ƙofar kantin magani, in ɗaga maka hannu ka share ni. Ni da na sha ƙura a gefenka har haƙorana suka zube! Don Graciela na zo, ba don kai ba."

Gaban Remigio ya faɗi. Cikin kunya ya murza makulli. Injin ya yi gurnani irin na da, mutane suka ɗauki ihu, ƙwalla ta cika masa ido.

Ya san filin da ka, ko kuwa haka ya zata. Bai san an jera damman ciyawa a kwanar farko ba. Ya nufe su kai tsaye, yana murmushi abinsa.

"Remigio! Ciyawa! Ba ka gani ne?"

Sai Nicanor ya leƙa fuskarsa. Nan take hannu ya sauka a kafaɗar Remigio, ya matse, ya tura. Ƙafarsa da hannuwansa suka bi tun kafin ya yi tunani, motar ta sha kwana sumul, fili ya kaure da tafi.

Nicanor ya kawo baki daidai kunnensa.

"Ashe ba girman kai ba ne."

"Ina ma shi ne," in ji Remigio. "Kada ka gaya wa Graciela."

"Zan gaya mata mana, yau ɗin nan. Amma sai mun sauka."

Hannun bai bar kafaɗar ba.

"Hanya a miƙe take, tsoho. Taka!"