Rigar da Furera ta hana a ninke

Ina cikin miƙa mata kunu Furera ta riƙe mini hannu, wai ba haka ake ɗaukar kofi ba. Mace tana kwance, tari ya cinye ta har ƙashin wuya ya fito, amma abin da ya dame ta shi ne na kama kofi ta mariƙi.

"Hannu biyu, Husaina, ɗaya a ƙasa. Mariƙi ne ke fara karyewa."

Na ce to, mun ji. Shekara goma sha ɗaya muna haya a gida ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakina yana kallon nata, ban taɓa ɗaukar abu ta ce na yi daidai ba. Aikinta ne ya mai da ita haka. A gidan adana kayan tarihi take, ita kaɗai ce mace a cikin masu ɗauka da jera kaya. Matan unguwa kan ce 'yar dako ce mai farar safar hannu. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini.

Akwai wata tsohuwar rigar saƙi a can, rinin baba, wadda ta ce ta girmi kakan kakanta. Shekara ashirin ita ke kula da ita. Ba a ninke ta, ba a rataye ta, a shimfiɗe take cikin durowa a kan farin ƙyalle, don zarenta ya mutu, da an ja sai ya rabu. Mijin Furera ya rasu, ba ta haihu ba, tun da ta kwanta kuwa ba ta da zance sai na rigar nan. Damina ta kawo kai, bangon da durowar ke jingine da shi yana yoyo. Ta dame ni in je in gaya wa Ɗahiru, abokin aikinta, ya matsar da ita.

A makon ne soja suka miƙa mulki, kowace rediyo sai kiɗa da alkawari. Ranar Laraba na hau bas na tafi. Na tarar an shafe ginin da sabon fenti har warinsa yana hawa kai. Ɗahiru na jin saƙon ya ja ni bayan sito. Ya ce an kawo musu sabon shugaba, kuma da za a yi manyan baƙi sai mutumin ya ce a fito da rigar a nuna, amma ta dushe, a fara kai ta wajen mabuga ta yi sheƙi. Ɗahiru ya roƙa, aka ce ya san matsayinsa. Bugu uku aka yi mata bayanta ya wargaje. Suka sayo sabuwa a kasuwa suka saka a gilashi, baƙi suka yi hoto da ita, ba wanda ya gane.

Ya buɗe mini wata baƙar leda. Na sa hannu na taɓa, tsumma ne kawai yana marmashewa kamar busasshen ganye.

Na kasa wucewa gida kai tsaye. Na sauka a Tarauni wajen yayata, na zauna ina haɗa ƙaryar da zan yi, sai bayan la'asar na shiga gida. Na ce wa Furera an matsar da durowa, riga tana nan lafiya lau. Ba ta kalli fuskata ba, yatsuna ta kalla. Ashe shunin mabuga ya kama su, ni ban ma lura ba.

"Ɗahiru ba zai bar ki ki taɓa ta ba safar hannu ba," in ji ta, "sai in babu sauran abin da za a kare."

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ba ta ƙara karɓar kunu ba. Da hantsin Juma'a ta cika.

Da muka zo ɗaga ta zuwa wajen wanka, wata mata ta kama ta ta damtse. Ban san lokacin da na buge mata hannu ba. Na zura nawa ɗaya ƙarƙashin kanta, ɗaya a bayanta, muka ɗauke ta a hankali. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Bayan maza sun fita da ita aka fara yayyafi. Safar hannunta tana kan igiya tun ranar da ta wanke ta da niyyar komawa aiki, ruwa yana ɗiga daga yatsun.