Kwamfutar da Lantana Ta Kai Karaye

Sulle ɓarawo ne, kuma duk garin Fulatan an sani. Maƙwabcinsa Malam Tsoho na rasuwa, Sulle ya sa garmar shanu ya tuge layin gambar da ya raba gonakinsu, ya haɗiye gefen mamacin har bakin rafi. Lantana, matar Tsoho, tana fita takaba ta kai ƙara gaban dagaci. Aka ce ta kawo shaida kafin shuka. Wace shaida? Dattawan da suka dasa gambar duk suna kabari.

Sai ta tuna bikin 'yarta Ikilima. Ranar kai amarya 'yan rakiya sun bi ta gefen gonar, Nasiru mai bidiyo na biye da su da kyamara. Gambar na cikin hoton, tsaye. Kaset ɗin da ya ba su tuni jikoki suka lalata, don haka ta tafi shagonsa a Rogo.

Bikin na nan cikin kwamfutarsa, amma ya ƙi buɗuwa. In ya danna, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyi.

"Inna, kai ta Karaye wurin Mujahid mai gyara," in ji Nasiru. "Sai dai kada ta mutu a hanya. In ta mutu da ƙyar take tashi."

Ya ba ta ita a kunne. Lantana ta rungume ta cikin mayafi, ta hau acaɓa, ta sa mai mashin ya yanke ta burtali don kada caji ya ƙare. Duk ramin da suka faɗa sai ta daki bayansa: "Kai ɗan nan, yi gudu mana! Ƙwai ka ɗauko?"

Mujahid ya jona kwamfutar da wuta, ya buɗe wani shafi mai zane-zane, ya juyo mata da shi.

"Ni ban yi boko ba. Faɗa mini da baki."

"Wannan shafin ke nuna abin da kowane sashe yake yi, Inna. Kin ga layin nan a ƙasa? Ƙwaƙwalwarta ce, hutawa ma take yi. Wurin aikinta kuma rabinsa fili ne. To dubi wannan." Ya ɗora yatsa kan wani layi da ya manne a can sama bai ko motsi. "Faifan ajiya ke nan. Ya cika da aiki maƙil, amma abin da yake fitarwa bai kai komai ba."

"Kamar mai jan ruwa da yagaggen guga."

"Haka fa."

Ya duba ko wata manhaja ce ke damun faifan a ɓoye. Ya rufe mai farautar ƙwayar cuta, ya rufe mai sabunta kanta, ya rufe duk abin da ke rufuwa. Layin bai sauko ba. Sai ya kara kunnensa a jikin kwamfutar. Ita ma Lantana ta ji: ƙis, ƙis, ƙis.

"Wuri ɗaya yake ta komawa yana kasa karantawa. Da ma ba shi da lafiya. Amma wannan ƙarar… Inna, a kashe kika kawo ta?"

"A kashe? Don ta ƙi tashi? A kunne na kawo ta, a cinyata!"

Mujahid ya sunkuyar da kai.

"Yi magana, ba na son munafunci."

"Akwai wata allura a ciki, tana shawagi kan faifan yana juyawa. In an girgiza shi a kunne, sai ta karce shi."

Lantana ta dubi hannuwanta. Da su ta daki bayan mai mashin.

"To Nasiru, Allah ya isa tsakanina da kai," ta ce, amma muryar ba ta da ƙarfin ɗazu. "Ciro mini bikin kawai. Sauran ya ƙone."

Ya gwada kwafe shi. Aka yi azahar, aka yi la'asar, abin na tafiya kamar ba ya tafiya, daga baya ya tsaya cak. Mujahid ya kunna ɗan abin da ya samu. Ga 'yan mata da kwalla a ka, ga Ikilima lulluɓe, ga Tsoho da ransa yana dariya a ƙofar gida. Ayarin ya bar gari, ya kai tsamiyar da ke kan kwanar hanya. Saura ƙiris a kai gonar. Hoton ya dagargaje, ya zama ƙananan murabba'ai.

"Matsa gaba kaɗan."

"Babu gaba, Inna."

"A Kano fa?"

"Akwai masu buɗe faifai. Amma inda allura ta karce, ya tafi."

"Sake gwadawa."

Ya sake. A waje hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ake shuka a bayansa. Lantana ta gyara zama a kan benci, ta zuba wa layin faifan ido ko zai sauko.