Kamar Yadda Ka Ɗaure Ranar Asabar

Makaniki ya zura kansa ta ƙofar baya, ya ja bel ɗin motar har ƙarshe, ya sake shi ya koma da kansa.

"Malama, bel ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Bai tsinke ba, ƙarfensa bai karye ba. Kujerar yarinyar nan ba a ɗaure take da mota ba, ɗora ta kawai aka yi."

Malama ta tsaya da jakarta a hannu tana kallon kujerar, wadda ke kife a ƙasa tsakanin kujerun gaba da na baya. Ranar Talata, a hanyar makarantar da take koyarwa, wani mai babur ya gitta mata, ta taka birki, ta daki bayan wata motar kaya. 'Yarta Gimbiya, mai shekara biyu, tana ɗaure tsaf cikin kujerarta ta yara, amma da ita da kujerar suka tashi tare. Karaya a kafaɗa, ɗinki shida a goshi.

Kwana uku ke nan surukarta Hajiya tana zaune bakin gadon asibiti tana wanke ta tas. Duk mai zuwa dubiya sai ya sha labarin: su da suka raini yara takwas a cinya, ko ƙwarzane ba wanda ya taɓa yi, sai ga 'yar boko ta ɗaure musu jika a kujera kamar akuya. Mijinta Injiniya kuwa yana jingine da bango yana latsa waya, ko tari bai yi ba. Sau ɗaya ma ya ce, "Tuƙin mata sai haƙuri," ƙannensa suka yi dariya.

Yanzu ta tuna. Ranar Asabar shi ya ɗauki motar ya je ɗauko wa Hajiya firji, ya cire kujerar don ya kwantar da kujerun baya. Da ya dawo ta tambaye shi ko ya mayar, ya ce ya mayar. Ashe ya sani. Kwana uku yana ji ana yanka ta, shi yana sane da abin da ya yi.

Ba ta yi kuka ba. Wani sanyi ne ya sauko mata, irin wanda ɗalibanta suka fi tsoro a kan tsawa.

"Wannan kujerar kuma kar ki sake amfani da ita," in ji makanikin. "Wadda ta sha bugu ta gama aiki."

Daga garejin ta wuce shagon kayan jarirai, ta ce a ba ta irin waccan sak, har launi. Mai shago ya so ya nuna mata wata sabuwar fitowa, ta ce ita waccan take so, tana da dalili.

Ƙarfe huɗu aka sallami Gimbiya. Malama ta san dangin mijinta ba sa barin irin wannan rana ta wuce su, kuma ba su ba ta kunya ba: Hajiya, ƙannensa mata biyu, da yayansa wanda ya kawo motar da za a koma gida. Ta bari sai da aka fito filin ajiye motoci, inda babu inuwa ko ta sandar lantarki, sannan ta karɓo sabuwar kujerar daga wurin mai gadi, inda ta ba da ajiyarta, ta dire ta gaban mijinta.

"Baban Gimbiya, taimaka ka ɗaure mana."

"Au, ba ki daddara ba?" in ji Hajiya. "Kawo ta nan in riƙe abata."

"Ki yi haƙuri, Hajiya, yanzu zai gama. Ai ya iya. Ɗaure ta kawai kamar yadda ka ɗaure ranar Asabar, bayan ka sauke firjin."

Injiniya ya ɗago ya dube ta. Ta sakar masa murmushin da take yi wa yaron da ya ce ya manta littafinsa a gida.

Ya ɗauki kujerar ya shiga da ita. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Ya zura bel ta wata kafa, ya fito ta inda bai zata ba. Mutumin da ke zana wa gidajen sama wayoyin wuta, ga shi durƙushe yana leƙa ƙarƙashin kujerar roba, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Malama na rungume da Gimbiya, tana jin daɗin kowane minti har cikin ranta, ba ta kuma ji kunyar jin daɗin ba.

"Wai me ake jira ne?" in ji yayan.

"Ya ɗan manta ne, Yaya," in ji Malama. "Kwana shida ai da yawa."

Ƙannen suka daina hira. Hajiya ta dubi ɗanta, ta dubi surukarta.

"Kai, me take nufi?"

Ya fito daga motar yana goge fuska. Muryarsa can ƙasa.

"Ban ɗaure ba, Hajiya. Ajiye ta na yi. Na ce in na huta zan duba yadda ake yi, sai na manta."

"Ɗan ƙara murya," in ji Malama. "Hajiya ba ta ji ba."

Ya maimaita. Hajiya ta gyara mayafinta. Karon farko cikin kwana uku da aka ji ƙarar motocin titi a kusa da ita.

Malama ta miƙa wa ƙanwarsa yarinyar, ta shiga motar. Ta zura bel ta inda ya dace, ta danna gwiwarta cikin kujerar, ta ja har ya ɗame, ƙarfen ya ce ƙas.

"Shi ke nan fa abin," ta ce da muryar aji, yadda kowa zai ji. "Kuma kafin a sa yaro, sai an kama kujerar an girgiza, a ga ko tana motsi. Kullum. Wannan ko ɗan firamare…"

Hannunta na kan kujerar maganar ta tsaya mata. Lahadi. Litinin. Talata da safe. Sau uku ita da kanta ta sa Gimbiya a waccan kujerar, ta ɗaure mata igiyoyin ƙirji, ta rufe ƙofa. Ko sau ɗaya ba ta girgiza ba.

Ba wanda ya lura sai mijinta. Ta ga ya lissafa kwanakin, ta ga ya kai inda ta kai. Ta ɗaure fuska tana jira ya faɗa a gaban uwarsa, don da ita ce da ta faɗa.

Ya karɓi Gimbiya, ya zaunar da ita a hankali yana kare kafaɗar da aka naɗe.

"Nuna min na ƙirjin," ya ce.

Ta nuna masa. Ƙarfen ya ƙi shiga, sai da ya riƙe mata shi.